Kafin Ku Haɗa Su Ruwa Ɗaya

Ran nan da la'asar ina zaune a bakin lambu ana ban ruwan albasa, sai ɗan ƙanena ya zo ya tsuguna gefena ya miƙo mini salularsa. "Baba, dubi ikon Allah." Na karɓa na duba. Akwatin gilashi ne a ɗakin wani mutum can ƙasashen Turai, cike da ruwan teku, an haska shi da fitila shuɗiya. A ciki ga duwatsu, ga wasu abubuwa kamar furanni suna kaɗawa, ja da kore da ruwan goro, ƙananan kifaye suna ratsawa tsakaninsu. Ga jatan lande, ga ƙaguwa, ga katantanwa tana hawa jikin gilashi a hankali. Yaron ya ce shi ma in kuɗin raken bana sun shigo zai gina kwamin siminti a bayan gida, ya zuba tarwaɗa da karfasa da duk abin da ya kamo a tabki, har da bado, abin ya yi kyau kamar wannan.

Na ce masa, "To, ɗana, a cikin waɗannan da ka lissafa, wa ke cin wa?" Ya yi shiru.

Shirun nan nasa ne ya sa na ɗauki alƙalami, don na san ba shi kaɗai ba ne. Ku ƴaƴana na Matameye da Kance da Dungu da Ɗan Barto, da yawanku kun fara sha'awar kiwon kifi, kuma abin ya faranta mini rai. Ƙasarmu Allah ya yi mata ruwa kusa, kwarin Korama ya ba mu fadamun da wasu garuruwan Damagaram ba su samu ba. Matashin da ya ce zai nemi abincinsa a ruwan garinsu maimakon ya kama hanyar ci-rani, ya cancanci a zauna a gaya masa gaskiya.

Ba zan ce wa kowa ya yi akwatin ruwan teku a nan ba. Ruwan teku yana da gishiri kusan giram 35 a kowace lita, kuma halittun cikinsa ba sa jure ƙari ko ragi. Zafin ruwan dole ya tsaya tsakanin digiri 24 da 27 dare da rana, mu kuwa a watan Afrilu inuwa ma tana haura 40. Wutar lantarki in ta ɗauke na wuni guda, an yi asarar komai. Teku mafi kusa da mu, ta Ikko ko ta Kwatano, tafiyar fiye da kilomita dubu ce. Amma masu waɗannan akwatuna sun koyi wani darasi da kuɗi masu yawa da ɓacin rai, mu kuwa za mu iya ɗaukarsa kyauta, shi ya sa nake so ku ɗan leƙa cikin akwatin tare da ni.

Abubuwan nan da yaron ya ɗauka furanni ne, dabbobi ne. Murjani ke nan yana raye, kafin a mai da irinsa tsakiya a rataya wa amarya. Kowane reshe taron ƙananan halittu ne masu baki da ƴan yatsu, a cikin naman jikinsu kuma akwai wata gansakuka da ido ba ya gani, wadda ke sarrafa hasken rana ta ciyar da su. Shi ya sa ake kunna musu fitila mai ƙarfi. To, hasken nan da ke raya murjani shi ne kuma ke tsiro da gansakukar banza a jikin dutse da gilashi, in aka bar ta sai ta lulluɓe murjanin ta shaƙe shi. Don haka mai akwati yakan sayi ma'aikata: katantanwa irin su Trochus da Turbo masu kiwon gansakuka kamar awaki, da wata ƙarama mai suna Nassarius da ke ɓuya cikin yashi, in ta ji warin mushe ko ragowar abinci ta fito ta share. Duk waɗannan, da jatan lande da ƙaguwa da murjanin kansa, halittu ne marasa ƙashin baya, kuma rabin wahalar sana'ar ita ce sanin wanne zai zauna da wanne lafiya.

Ga inda matsalar take. A cikin dangin katantanwa akwai makiyaya, akwai mahauta, kuma kamarsu ɗaya ga wanda bai sani ba. Yawancinsu suna da harshe mai jerin haƙora kamar magagari. Makiyayiya tana kankare gansakuka da shi. Mahauciya kuwa, irin dangin Murex, sai ta hau bayan ƴar'uwarta, ta zuba wa ɓawon wani ruwa mai narkar da shi, ta goga da harshe, ta sake zubawa, ta sake gogawa. Aikin yakan ɗauke ta sa'o'i masu yawa, wani lokaci kwanaki. In ta huda sai ta zura dogon bakinta ta cinye mai gidan a cikin gidansa. Da safe mai akwati zai tarar da ɓawo lafiya lau, babu karaya, sai ƴar huda guda zagayayya kamar an yi ta da basilla. Akwai kuma wasu da suka yi kama da Nassarius ƙwarai har masu sayarwa kan rikita su, mutum ya biya kuɗi ya kawo mai shara, ashe kura ya ba ajiyar nama.

Wasu ma ba a saye su ba, biyo kaya suka yi. Masu akwati sukan sa dutsen da aka ciro daga teku da ransa, da duk abin da ke maƙale a ramukansa. A nan ne ƙwai da ƴaƴan mahautan kan shigo. Akwai wata farar katantanwa, girmanta bai wuce ƙwayar shinkafa ba, da ke damun wata babbar halitta mai ɓawo biyu da ake kira Tridacna, wadda masu akwati ke ji da ita saboda kyawun launinta. Da rana ƙananan nan suna ɓoye a ƙarƙashinta. Dare na yi sai su hau bakin ɓawon su kafa tsinin bakinsu su tsotsi ruwan jikinta. Ɗaya ko biyu ba sa yin komai. Amma suna haihuwa, kuma ba wanda ke ganinsu, sai a wayi gari babbar ta daina buɗewa. Wata katantanwa mai suna Drupella kuma murjanin take ci kai tsaye, ta bar reshe fari fat kamar ƙashi. Ita ko ƙaguwar nan mai aron gida, wadda ba ta da ɓawon kanta sai ta shiga na katantanwa, in ta girma gidan ya matse ta kuma ba ta ga wani fanko a kusa ba, sai ta kashe katantanwa mai rai ta gaje gidan. Masu sani sukan watsa mata ɓawo fanko manya da ƙanana, rigimar ta ragu. Ku lura da wannan: ba mugunta ce ta sa ta kisa ba, mai akwati ne ya hana ta abin da take buƙata.

Mafi haɗari a dangin katantanwa ita ce mai siffar mazurari, Conus, mai zane a baya kamar saƙar hular hannu. Tana da haƙori kamar mashi mai rami, cike da dafi, wata irinta tana harbin kifi da shi ya sandare nan take ta haɗiye shi. Wadda ake kira Conus geographus ta kashe mutanen da suka ɗauke ta don kyawunta, kuma har yau dafinta ba shi da makari. A 2015 masu bincike a Jami'ar Yuta ta Amurka suka gano tana kuma sakin wani nau'in insulin cikin ruwa, sukarin jinin kifi ya faɗi, jikinsa ya mutu, ta kama shi cikin sauƙi. A jami'ar nan ne Baldomero Olivera, ɗan ƙasar Filifin, ya shafe shekaru yana nazarin dafin waɗannan halittu, kuma daga dafin Conus magus aka samo maganin matsanancin ciwo da Amurka ta amince da shi a 2004. Ban kawo wannan don tsoratarwa ba. Na kawo shi ne don kada ku raina halitta saboda tana tafiya a hankali.

Kuma kada ku ce wannan labarin mutanen teku ne, bai shafe mu ba. Kakanninmu da katantanwar teku suka yi ciniki. Wuri, wanda jam'insa ne ya zama kalmar kuɗi a bakinmu, ɓawon wata katantanwa ce daga tsibiran Maldif a Tekun Indiya. Lokacin da Heinrich Barth ya sauka Kano a 1851, dalar azurfa ɗaya wuri 2,500 ce, keso guda kuwa wuri 20,000. Shi wuri makiyayi ne, gansakuka ce yawancin abincinsa, har yau ana sa shi cikin akwatunan nan don ya yi shara. Sai kuma farcen da iyayenku mata ke wankewa su soya su daka cikin humra da turaren wuta. Ƙyauren ƙofar katantanwar teku ne, wanda take ja ta rufe kanta da shi, yawanci daga Bahar Maliya da tekunan da ke kusa da ita, kuma cikin irin da ake cirowa akwai na mahautan nan dangin Murex. Ƙamshin ɗakin amarya a Matameye yana da hannun mai huda ɓawon ƴar'uwarta a ƙasan teku.

To, me ya sa a teku abin ba ya zama bala'i, sai a akwati? Saboda teku tana da faɗi. Wanda ake farauta yana da wurin gudu, mafarauci ma yana da mai farautarsa, in ya cinye na nan sai ya yi tafiya kafin ya sami na gaba, kafin nan na baya sun hayayyafa. A cikin akwati bango huɗu ne. Kwamin siminti ma bango huɗu ne. Duk abin da ka zuba a ciki, ka ɗaure shi ne gaba da gaba da maƙwabcinsa har abada, kuma kai ne ka yanke wannan hukuncin, ba su ba.

Ni na ga wannan da idona. Shekarun baya na gina kwami a lambuna na sayo ƴaƴan tarwaɗa daga wani mai ƙyanƙyasa ta wajen iyaka. Ya ce mini duk sa'o'in juna ne, kuma gaskiyarsa, ranar da na zuba su kansu ɗaya. Na yi ta ba su abinci, ina ganin ruwa yana motsi ina jin daɗi. Ban taɓa ganin mushe ko ɗaya ya taso ba, na ɗauka lafiya ke nan. Da na zo kwashe ruwa bayan wata biyu sai na tarar abin da ya rage bai kai rabi ba, a cikinsu kuma akwai ƴan ƙalilan da suka yi girma na ban mamaki, kawunansu kamar tafin hannu. Rashin mushen nan shi ne alamar, ban san karanta ta ba. Tarwaɗa tana cin ƴar'uwarta muddin za ta shiga bakinta, kuma a kowane zubi akwai waɗanda ke tsere wa sauran a girma. Masu sana'ar sukan kwashe ƙananan kifinsu duk mako ɗaya ko biyu su ware su, manya gefe, matsakaita gefe, ƙanana gefe. Na ji zafin asarar nan ƙwarai, don kuɗin na iyali ne, kuma tambaya ɗaya da ban yi ba ce ta jawo ta.

Amma ku ji ɗaya gefen, don kada ku fita da cewa mai cin nama abin ƙi ne. Karfasa tana da haihuwa. Uwar tana riƙe ƙwanta da ƴaƴanta a baki har su yi wayo, saboda haka kaɗan ne ke mutuwa. In ka bar maza da mata a kwami ɗaya, cikin ƴan watanni zai cika maƙil da ƙananan kifi da ba sa girma, ba mai sayensu a kasuwa. Masu gwaninta da gangan suke sa tarwaɗa ƴan kaɗan, waɗanda bakinsu bai kai ya haɗiye manyan karfasa ba, su riƙa rage ƴaƴan, manyan su sami sarari da abinci. Tarwaɗar da ta cinye mini jari ita ce ke gyara wa wani nasa. Shi ya san girman bakinta, ya san yawan da zai sa, ya san lokacin da zai sa ta.

A nan ne nake so ku tsaya ku natsu, domin akwai wata dabara mai daɗin ji da ta halaka abubuwa da yawa a duniya: in wani abu ya dame ka, kawo mai cinsa. Masu akwati suna faɗawa cikinta. A kawo wani kifi don ya cinye fararen ƙananan nan masu tsotso, ya cinye su, ya juya kan ƙananan jatan lande da tsutsotsi masu amfani. Wannan a ɗaki ɗaya ne, asarar mutum ɗaya. Ku ji yadda ta kasance da aka yi ta a ƙasa guda.

Akwai babbar katantanwar tudu, dodon koɗi, ƴar asalin gabashin Afirka, da ta isa tsibiran Hawayi a 1936 ta zama annoba ga lambuna. A 1955 hukumomin noma suka ɗauko wata mafarauciyar katantanwa daga Filorida, Euglandina rosea, wadda ke bin sawun yauƙin ƴar'uwarta kamar kare yana bin zomo, suka sake ta don ta cinye baƙuwar. Ba ta yi aikin da aka kawo ta yi ba. Dodon koɗin ya yi mata girma. Sai ta hau duwatsu ta hau itatuwa, ta tarar da ƙananan katantanwar tsibirin masu launi, dangin Achatinella, waɗanda babu irinsu ko'ina a duniya, ba su san mafarauci irinta ba, kuma ba sa haihuwa sai sun shekara da yawa, su haifi ƴan kaɗan a shekara. Tare da ɓeraye da sarar daji, ta gama da yawancinsu. Ta ƙarshe a nau'in Achatinella apexfulva, wadda masu kula da ita suka raɗa wa suna George, ta mutu a ɗakin bincike ran 1 ga Janairun 2019 tana da shekara 14, ba ta bar baya ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne an sake maimaitawa. A 1977, shekara 22 bayan na Hawayi, aka kai mafarauciyar nan tsibirin Moorea kusa da Tahiti, don dalili iri ɗaya. Cikin kusan shekara goma aka nemi katantanwar Partula ta tsibirin a daji aka rasa. Waɗanda suka tsira su ne waɗanda masana suka yi saurin kwashewa suka kai gidajen namun daji, har da na Landan, aka yi ta kiwonsu cikin ƴan akwatuna, sai daga 2015 aka fara mai da jikokinsu gida. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, fitowar ce aiki. A nahiyarmu ma an yi irinta: giwan ruwa, kifin da muka sani muke so, an zuba shi a Tafkin Biktoriya a shekarun 1950, zuwa shekarun 1980 ya mamaye tafkin, nau'in ƙananan kifaye kusan 200 suka ɓace.

Yanzu ku juya abin. In kawo mafarauci ba tare da sani ba ɓarna ne, kawar da shi ba tare da sani ba ma ɓarna ne, kuma wannan ne ya fi kusa da ƙofar gidanmu. A 1986 aka kammala madatsar ruwa ta Diama a bakin Kogin Senegal, don a hana ruwan gishiri hawowa, a sami ruwan noma rani da damina. Niyya mai kyau. To, a kogin akwai wani babban jatan lande mai dogayen hannuwa, wanda katantanwar ruwa na cikin abincinsa. Shi kuwa ba ya iya hayayyafa sai macen ta gangara inda ruwan kogi ke gauraya da na teku, ƴaƴan su taso can su hawo. Madatsa ta tare hanya, ya ɓace daga saman kogin. Ruwa ya kwanta, ciyawar ruwa ta yaɗu, katantanwa ta sami gida ba mai taɓa ta. A 1988 aka fara ganin tsargiyar hanji a Rishar Tol, garin rake kamar namu, inda a da ba a san ta ba, kuma cikin ƴan shekaru ta kama yawancin mutanen yankin. Daga baya wasu masu bincike, cikinsu har da Susanne Sokolow, suka mai da jatan landen cikin raga a mashayar ƙauyen Lampsar, suka buga sakamakon a 2015: katantanwa masu ɗauke da cutar sun ragu ƙwarai, cutar ma ta yi sauƙi a jikin mutanen da aka ba magani. Ku lura, ba baƙo suka ɗauko daga wata nahiya ba. Ɗan gida suka mayar gidansa.

Tsargiya kuwa ba sai na gabatar muku da ita ba. Mu da muka tashi muna wanka a tabki da kududdufi, kusan kowane ɗan saurayi ya taɓa ganin ɗigon jini a ƙarshen fitsarinsa, har wasu manya suna cewa alamar balaga ce. Ba balaga ba ce, ƴaƴana, tsutsa ce. Theodor Bilharz ya gan ta a jikin mamaci a Alƙahira a 1851, shekarar nan da Barth ke ƙirga wuri a Kano. Tana zama cikin jijiyoyin jini kewaye da mafitsara, shekara da shekaru, tana zuba ƙwai, ƙwan ne ke huda bangon mafitsara ya fito da jini. In mai cutar ya yi fitsari a tabki, ƙwan ya ƙyanƙyashe, abin da ya fito ba ya iya komawa jikin mutum kai tsaye. Dole sai ya sami wata ƴar katantanwa, Bulinus, wadda ba ta kai farcen ɗan yatsa ba. A cikinta yake hayayyafa na wasu makonni, sannan dubbai su riƙa fitowa cikin ruwa, musamman da rana tsaka, daidai lokacin da yara ke iyo, mata ke wanki, masu lambu ke tsaye cikin ruwa har gwiwa. Ta fata suke shiga, ba sai an sha ba. In ta daɗe tana lalata mafitsara da ƙoda, tana iya kai wa ga ciwon daji na mafitsara, ga mata kuma tana taɓa al'aura da mahaifa, a yi ta maganin sanyi ba a san ita ce ba. Wannan na ƙarshen yana damuna matuƙa, don kunya takan hana ƴan matanmu faɗa.

Tun 2004 ƙasarmu take rabon maganin firazikwantel a makarantu, ana auna tsawon yaro da sanda a ba shi daidai jikinsa. In an zo rabo ku ci abinci ku sha, ku sa ƙannenku su sha, kada ku saurari masu cewa a ɓoye yara. Wanda ya ga jini a fitsari ya je likita. Sai dai maganin yana kashe tsutsar da ke jiki ne, ba ya hana wata shiga gobe.

Ga dalilin da ya sa gabana ya faɗi da yaron nan ya ambaci bado. Dutsen teku mai ɗauke da ɓoyayyun baƙi, a wurinmu shi ne ganyen bado da ciyawar tabki. A bayan ganyen ne Bulinus ke maƙalewa ta manna ƙwanta. Wasu nau'inta ba sa ma buƙatar miji, guda ɗaya ta isa ta cika kwami. Tana kuma iya shiga laka ta kwanta in tabki ya ƙafe, ta jira damina. Wanda ya ɗebo bado da laka daga tabki ya zuba a kwamin bayan gida don ado, yana iya kawo katantanwar da ta riga ta ɗauki cutar, ta yi ta sakin ta makonni a ruwan da ƙannensa za su riƙa sa hannu. Makiyayi in ya sayo dabba a kasuwa ba ya sakinta cikin garke ran nan, yana ɗaure ta gefe ya ga kashinta, ya ga cin abincinta. Masu akwatin teku ma haka suke yi, suna da ƙaramin akwati na daban inda baƙo ke zama makonni. Ku yi haka da duk abin da za ku zuba a ruwanku, kifi ne ko tsiro. Ku cika kwami da ruwan rijiya ko na burtsatse. In dole sai na tabki za a yi wanka ko wanki da shi, a ɗebo a ajiye a tulu ko randa kwana biyu ba katantanwa a ciki, abin da ke shiga fata ba ya kai haka da rai.

Na san wani zai ce, to a zuba guba a tabkin a huta. Akwai maganin kashe katantanwa, nikulosamid, ma'aikatan lafiya suna amfani da shi da awo a wuraren da suka zaɓa, amma yana kashe kifi ma. Masu akwatin teku sun san irin wannan: maganin kifi mai jan ƙarfe a ciki yana warkar da kifin, ya kashe katantanwa da jatan lande da murjani gaba ɗaya. Mu namu ya fi wannan muni, don ba da niyya muke yi ba. Sau nawa na ga matashi ya gama feshin tumatir ko kabeji ya tafi bakin tabki yana ɗauraye famfon feshi? Yawancin magungunan ƙwarin nan dafi ne mai tsanani ga kifi da ƙwarin ruwa, har da masu cin tsutsar sauro da ƴaƴan katantanwa. Ita katantanwar ta fi su jurewa. Ka kashe masu gadi, ka bar wadda ake gadi dominta. Don Allah ku ɗauraye famfo nesa da ruwa, ku zubar a rami, ku rufe.

Washegari yaron ya dawo, wannan karon ba salula a hannunsa. Na ce ya bi ni. Muka tafi bakin tabkin da ke ƙasan lambuna, na hana shi shiga, na sa doguwar sanda na jawo ganyen bado guda na kife shi a kan yashi. Ya durƙusa yana dubawa. Da farko ya ce bai ga komai ba. Na ce ya ƙara dubawa kusa da jijiyar ganyen. Sai ya ga guda, baƙa-baƙa, ƙarama, sannan ta biyu, sannan wani ɗan ƙulli mai yauƙi kamar ɗigon ƙaro da ɗige-ɗige a ciki. Ya kai hannu zai taɓa, na riƙe hannun.

"Baba, wannan ce?"

Na ce mai yiwuwa ita ce, mai yiwuwa ƴar'uwarta ce wadda ke ɗaukar tsutsar hantar shanu, irin da mahauta ke tararwa in sun yanka hanta. Ma'aikacin lafiya ko na dabbobi ne zai rarrabe masa su. Ya ce zai gina kwami biyu ƙanana maimakon babba ɗaya, na uku kuma rabin duro don baƙi. Na ce ya sayi tocila mai kyau ma, domin tarwaɗa da dare ta fi farauta, kuma abin da ke faruwa a ruwa bayan isha'i ba shi ne ake gani da hantsi ba. Muka bar ganyen a kife a rana, muka koma wajen albasa.